Ruwan Madarar Mutanen Masar

Ilmin ɗan Adam kaf, tun daga wanda ya fara zana harafi a jikin dutse har zuwa mu da muke zama a ɗakunan karatu masu sanyi, ana iya auna shi da jarrabawa guda: a tura mai ilmin shago ya sayo fenti. Ni an tura ni. Ko in ce na tura kaina, don gaskiya ba wanda ya aike ni. Kuma ko tsufa zai sa in manta lambar fasfo ɗina, ba na jin zan taɓa mantawa da makin da na ci a wannan jarrabawa.

Lokacin ina shekara ta uku a Doha, ina neman digirin digirgir a nahawun Larabci. Bincikena a kan abin da malamai ke kira nisba ne, wato ɗan wasalin nan da Balarabe ke liƙa wa kalma a wutsiya, sai mutumin Masar ya zama Misri. Shekara uku ina bin wasali ɗaya kamar mafarauci. (Mahaifiyata har yau tana gaya wa maƙwabta likita nake karanta, ni kuma ban ga dalilin ɓata mata rai ba.)

A wannan shekarar ce takardun matata Saudatu da 'yarmu Hanifa suka fito, bayan dogon jira. Na bar ɗakin ɗalibai na kama ɗaki da falo a unguwar Najma, na zagaya da Saudatu ko'ina ta kiran bidiyo, har cikin kicin da mutum biyu ba sa iya tsayuwa a ciki sai ɗaya ya riƙe numfashi. Saura mako guda su taso daga Funtuwa ta kira ni. Ina ɗakin karatu, na fito baranda cikin zafin nan mai marin fuska.

"Abban Hanifa, na gama sayayya. Na samo labulaye masu kyau, ruwan goro da ɗan ratsin ruwan ƙasa. Nauyi gare su, sai da na cire daddawa da kuka daga akwati kafin kilon ya daidaita."

"Kin cire daddawa saboda labule?"

"To ya zan yi? Ai in suka hau bango ruwan madara, kai da kanka za ka ce gwamma da aka bar daddawar."

"Bango ruwan madara," na maimaita a hankali.

"Eh mana."

Sai Hanifa ta ƙwace wayar ta shiga ba ni labarin wata akuya, maganar ta tsaya nan.

Na daɗe a tsaye a barandar. Shekara uku baiwar Allahn nan tana riƙe da gida ita kaɗai, ba ta taɓa cewa in aiko mata da zobe ko turare ba. Yau ta buɗe baki ta nemi abu ɗaya tak, kuma matar da ta bar daddawa a gida saboda labule ba wasa ta zo yi ba. Na ƙudurta a raina cewa ko zan rasa babi guda na bincikena, Saudatu za ta shigo ta tarar da bango ruwan madara.

Na kira Malam Iro. Malam Iro mutumin garinmu ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin, yana gadi a ƙofar wani dogon bene a Lusail. Kafin ya zo nan fenti ne sana'arsa, rabin shagunan bakin tasharmu shi ya shafa su. Larabcinsa bai wuce yalla da khalas da 'yan kalmomin da ake buɗe get da su ba, kuma ina kunyar faɗa, shekara uku ke nan ina gyara masa su ba tare da ya roƙe ni ba.

"Ranar Juma'a ina da hutun safe, zan zo mu shafa," in ji shi. "Amma ka bari mu je shagon tare. Ni ban san sunan ruwan madara da Larabci ba, da ido nake gane abina."

"Haba Malam Iro, sunan launi ne zai gagare ni? Kai dai zo da hannunka."

"To, Malam."

A nan ya kamata in yi muku bayanin yadda na yi tunani, don kada ku ɗauka hauka ne tsagwaronsa. Bahaushe ba ya wahalar raɗa wa launi suna, abu yake nuna maka: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda. Balarabe ma haka yake yi, sai dai shi maimakon ya ce ruwan kaza, wasalina yake liƙawa. Toka ita ce ramad, ruwan toka ramadi. Madara kuwa a tsantsar Larabcin littafi ita ce laban. Saboda haka ruwan madara, labani. Ƙiyasi ne mai tsabta, ko a gaban malamaina zan iya kare shi. Ban ma buɗe ƙamus ba, don mutum ba ya tambayar hanyar gidansu.

Ranar Alhamis da yamma na shiga wani shagon fenti da ke bayan layinmu. Mai shagon ɗan Masar ne, kakkaura, mai fara'a, irin mutanen da ke ba ka digiri tun kafin jami'a ta ba ka. Yana ganin gilashina ya ce, "Marhaba ya duktur!" Ya miƙo mini wani kundin kwalaye masu launi-launi in zaɓa. Na ture shi da ɗan yatsa, cikin ladabi. Na gyara murya na gaya masa, da Larabcin da ko wasali ɗaya bai faɗi ƙasa ba, cewa ina buƙatar fentin cikin ɗaki, labani.

"Labani? Mabruk ya duktur! Namiji aka samu?"

Ban gane haɗin madara da haihuwa ba, sai na ɗauka shayarwa yake nufi. Na ce masa a'a, ɗakin matata ne.

Ya ɗan dube ni, ya ɗaga kafaɗa. "Mai haske ko mai duhu?"

Wannan ma ta ɗaure mini kai. Madara mai duhu? Wace irin saniya ce? Amma mai bincike ba ya nuna ruɗewa a gaban ɗan kasuwa. Na ce tsaka-tsaki, tunda an ce shi ne mafi alherin al'amura. Ya danna wasu lambobi, inji ya ɗiga wani abu cikin wani bokitin fenti, wani injin ya kama shi ya yi ta jijjigawa kamar mai aljanu. Da ya gama ya ɗan shafa ɗigo a kan murfin. Na ga ɗigon. Wallahi na gan shi. Na ce a raina hasken fitilar shagon ne.

Juma'a da sassafe Malam Iro ya iso da rola biyu da tsohon wando. Muka shimfiɗa leda a ɗakin kwana, da niyyar in mun gama mu koma falo. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Sabuntawa za a yi ke nan?"

"Canjawa za a yi gaba ɗaya."

Ya dube ni, ya sake duban bangon. Ya sa bakin makulli ya ɓalle murfin bokitin. Muka leƙa tare.

"Malam, wannan fa shuɗi ne."

"Labani ne."

"Labani ai shi ne launin rigarmu ta aiki. Shugaban masu gadinmu ɗan Masar ne, kullum haka yake kiranta."

Ga abin da na ce masa, kuma na rubuta shi a nan ne don ya zama kaffara: "Malam Iro, wannan Larabcin bakin get ne." Daga nan na tsaya a kan leda, da rola a hannu kamar alli, na yi masa darasin ramad da ramadi, laban da labani, har da misalai daga waƙoƙin mutanen da suka mutu shekara dubu da suka wuce. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"To, ka fi ni karatu," in ji shi.

"Kuma ba ku masu fenti ke cewa launi yana canjawa in ya bushe ba?"

"Yana canjawa kam. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya canja ƙabila ba."

Muka fara. Ni da na saba da shafin littafi, ranar na san akwai wani shafin mai sa ciwon kafaɗa. Malam Iro yana tafiyar da rolarsa sama da ƙasa ba ƙara ba gaggawa, ni kuwa rabin nawa fentin a gilashina yake sauka. Kafin ƙarfe goma mun rufe bango huɗu. Na ja da baya na duba. Ɗakin ya koma kamar ruwan tekun bakin Corniche da hantsi, saura kwale-kwale kawai.

Na ce ɗanye ne, a ba shi lokaci. Muka kashe esi muka buɗe taga don zafi ya taimaka. Muka zauna a falo muka sha shayi, ina tashi kowane minti biyar ina leƙawa kamar mai jiran haihuwa. Wani lokaci in na karkata kai na lumshe ido ɗaya, sai in ga kamar ya fara fari daga kusurwa. In na buɗe idon sai ya koma. Na fara zargin idona, na zargi gilashina, na zargi rana. Har na tuna cewa madara in an cika sirka ta da ruwa takan yi wani ɗan shuɗi-shuɗi, na gaya wa Malam Iro haka.

"To lallai masu nonon ƙasarsu ba sa tsoron Allah," in ji shi.

Muka tafi masallaci. Ban ji huɗubar ba. Ina zaune a sahu ina ta lissafin cewa gobe da safe jirginsu zai sauka, da labulaye ruwan goro a akwati. Ku ɗan rufe ido ku haɗa ruwan goro da shuɗi. Na idar da salla na roƙi abin da ban taɓa jin wani ya roƙa ba.

Muka dawo, bango ya bushe ƙayau. Ya ƙara shuɗi.

A nan mai hankali zai tsaya ya ce wataƙila shi ne ya yi kuskure. Ni kuwa sai na gano cewa ɗan Masar ne ya danna lambar da ba ita ba. Malam Iro ya yi wanka ya sa kayan aikinsa, don daga shagon zai wuce ya kama jirgin ƙasa a tashar Mushairib ya karɓi gadin yamma. Ana idar da la'asar muka nufi shagon, ina riƙe da murfin bokitin a matsayin hujja.

Mun tarar da mutane: wani dattijo ɗan Sudan da farin rawani, da wasu 'yan kwangila biyu suna jiran a haɗa musu nasu. Ban jira layi ba. Na ajiye murfin a kan kanta na fara jawabi. Ba na so in yi alfahari, amma jawabi ne mai kyau. Akwai gabatarwa, akwai shimfiɗa, na ambaci amana a ciniki, na ambaci haƙƙin baƙo, na kawo asalin kalmar da yadda ake ƙera ta. Har 'yan kwangilar suka daina danna waya. Na rufe da cewa na nemi labani an ba ni shuɗi, ina neman a gyara.

Mai shagon ya ɗauki murfin ya juya shi. Ya dubi fuskata ya ga da gaske nake. Sai ya ɗaga murya.

"Ya jama'a, don Allah, labani wane launi ne?"

Dattijon ɗan Sudan ya waiwaya, ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙirjin Malam Iro. 'Yan kwangilar ma suka nuna. Mai shagon ya fito daga bayan kanta ya kara murfin a jikin rigar. Kamar daga bokiti ɗaya aka ɗebo su. Malam Iro ya ɗaga kai yana karanta silin.

"Amma laban madara ce," na ce. Muryata ta sauko, wasulan ƙarshe duk sun zube.

"Madara ce."

"To labani fa?"

"Shuɗi mai haske."

"Ta yaya?"

"Ya duktur, ni fenti nake sayarwa."

Dattijon ya tambaye ni, cikin tausayi, me nake karantawa. Da na san abin da zai biyo baya da na bi bayan mahaifiyata na ce likita. Na ce nahawu. Ɗaya daga 'yan kwangilar ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Mai shagon, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya jawo kundin nan da na ture jiya ya baje shi. "To nuna mini wanda kake so." Na duba. Farare-farare sun fi arba'in, wani ya karkata ga ɗorawa, wani ga toka, wani ga ƙasa, kowanne da lambarsa. A nan na gane wani abu da ya fi na farko muni: ni kaina ban san ruwan madara ba. Kalmar na sani. Na tsaya ina bin su da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

Ban ga fitar Malam Iro ba. Sai ga shi ya dawo daga kantin da ke maƙwabtaka da ɗan gwangwanin madara, irin wadda ake zuba wa karak, shayin 'yan Doha. Ya huda shi da makulli, ya jawo farar takarda a kan kanta, ya ɗiga.

"Ta gwangwani ake nufi, Malam," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ba ta shanu ba."

Mai shagon ya leƙa, ya buga kanta da tafi. "Aaa, kirimi! Ka ce kirimi mana, ya duktur!"

Kirimi. Kirim ɗin Bature ne aka kamo, aka liƙa masa wasali a wutsiya. Wasalina. Wanda nake bi shekara uku.

A waje Malam Iro bai ce "na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya taya ni ɗora sabon bokitin a kafaɗa, ya miƙo mini sauran madarar ya ce in riƙe kada a yi asara. Ya ce shuɗi ba ya rufuwa da shafi ɗaya, sai biyu ko uku, da hutu a tsakani, in bari sai hutunsa na gaba.

"Gobe za su sauka, Malam Iro."

"To Allah ya ba da sa'a. Bari in koma bakin get, ko zan ƙaro Larabci."

Ban bi shawararsa ba, tunda na riga na saba. Na koma na afka wa bango ɗaya ni kaɗai. Kirimin ya hau shuɗin, shuɗin ya leƙo ta ƙarƙashi, rolata ta bar layi-layi kamar kunyar gona. Abin da ya fito ba Bahaushe ba Balarabe da ya taɓa raɗa masa suna. Na ajiye rolar. Bango uku shuɗi, ɗaya abin tausayi, falo kuwa ko taɓa shi ba mu yi ba.

Da safe na tarye su a filin jirgi. A cikin tasi, Hanifa ta yi barci a cinyata, na ga gara in yi ikirari tun kafin ido ya gani. Na ba Saudatu labarin tun daga ramad har zuwa gwangwani. Har na ɗora da darasin da na koya, don malami ko a rami ya faɗa sai ya fito da darasi: cewa ƙa'ida tana aiki a littafi, amma a kasuwa kalma ta mai shago ce, kuma wanda ya yi shekaru a bakin get ya ji Larabcin da bai taɓa shiga ɗakin karatu ba. Na ji daɗin yadda na tsara shi. Na jira ta yi fushi ko ta yafe.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube ni kamar na yi mata magana da wani yare.

"Fenti kuma? Wa ya ce ka yi fenti?"

"Ke kika ce bango ruwan madara."

Muka iso gida.

Ta shiga ɗakin kwana da mayafinta, ta tsaya a tsakiya ta juya sau ɗaya, a hankali, ta dubi ukun, ta daɗe a kan na huɗun. Sannan ta sunkuya ta ɗauki murfin bokitin kirimi ta fito falo. Na biyo ta. Ta dafa bangon falon.

"Abban Hanifa, wannan wane launi ne?"

Na dube shi. Ina jin ranar na fara dubansa. "Fari ne," na ce. "Fari da ya ɗan sha wahala."

Ta kara murfin a jikin bangon. Sai da na matso kusa kafin na gane inda murfin ya ƙare bangon ya fara.

"Da shi na je kasuwa a waya," in ji ta. "Hotonsa na nuna wa mai labule."

Ɗakin kwanan ma haka yake kafin ranar Juma'a.